Wa Ya Kashe Kurkunu? Jawabi Ga Manoma Kafin Ranar Zaɓe



Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Mai gari da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da kuke saurare daga bayan danga, sannunku da aiki. Samari 'yan'uwana, sannunku da zuwa. Wanda kuma bai sami halarta ba, sai takardar nan ta iske shi a gindin bishiya ana karanta masa, ina gaishe shi kamar ina tsaye a gabansa.

Na san 'yan kwanakin nan kun sha baƙi. Mota ta tashi, mota ta sauka, kowa da lasifikarsa, kowa da buhun alkawarinsa. To ni yau labari guda na kawo muku, labarin wata cuta da ta daɗe tana wahalar da kakanninmu da iyayenmu, da yadda aka yi aka ga bayanta. In kun daure kun ji shi har ƙarshe, za ku tashi da mudu a hannunku, wanda za ku auna duk mai neman ƙuri'arku da shi, har da mu ɗin nan da muka zo yau.

Kafin in shiga wannan aiki, malamin makarantar firamare ne ni. Wata rana a aji biyar, muna darasin kiwon lafiya, sai na tambayi yara, wa ya san kurkunu? Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, ko sunan tsuntsu ne? Na yi dariya, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Ni kaina ban cika shekara 30 ba, ban taɓa ganin kurkunu yana fitowa daga jikin mutum ba. Abin da na sani shi ne tabon da ke idon sawun mahaifina. Dattawan da ke nan, ku ne shaida. Waɗansunku in an ɗage ƙafar wando za a ga hatiminsa.

Don amfanin yaran da ke zaune a gaba, bari in faɗi ko mene ne shi. Kurkunu wata farar tsutsa ce, siririya kamar zare, tsawonta kan kai kamu biyu, watau wajen mita guda. Ta ruwan sha take shiga jiki. A cikin ruwan tafki da kududdufi akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, da ƙyar ido ke ganinsu. Su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya ɗebi ruwa ya sha, ya haɗiye ƙwarin bai sani ba. Ba zai ji kome ba sai bayan kamar shekara guda. Sa'an nan bororo ya taso, galibi a ƙafa, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Bororo ya fashe, tsutsa ta leƙo. Mai ciwo yana neman sanyi, sai ya tsoma ƙafa cikin tafki. Ita kuwa tsutsa da ta ji ruwa sai ta zubar da 'ya'ya dubbai. Ƙwarin nan su haɗiye, jama'a su sha, baɗi war haka gari ya sake kwanciya.

Babu allurar da ke hana shi, babu ƙwayar da ke kashe shi. Sai dai a sami ɗan tsinke a riƙa naɗe shi kaɗan-kaɗan kullum, mako da makonni. In an yi garaje ya tsinke, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Waɗansu a kai su wurin wanzami a yi musu sakiya. Abin da ya fi ciwo kuma, a ƙasarmu ta Arewa da damina yake fitowa, daidai lokacin shuka da noman fari. Magidanci yana kwance, ciyawa tana cin gero. Uwa tana kwance, babu mai daka. Yaro yana kwance, ko kuwa an hana shi makaranta don ya maye gurbin ubansa a gona. Shi ya sa a ƙasar Mali ake ce da shi ciwon da ke barin rumbu wayam.

Ku ji yawansa. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne ke kamuwa da shi a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A nan Nijeriya, da aka bi gari-gari aka ƙidaya daga 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 653,000 a ƙauyuka fiye da 5,000. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya duka. Yau ga shi yaron aji biyar yana tsammanin sunan tsuntsu ne.

To, wa ya kashe kurkunu?

Wani zai ce masu ilmi ne. Lalle suna da hannu. Amma ku ji wani abin mamaki. Tun a 1870 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Fedchenko, ya gano cewa ta cikin ƙwarin ruwan nan tsutsar ke bi ta shiga mutum. Watau tun lokacin an san in aka tace ruwa, aka kuma hana mai ciwo shiga tafki, zance ya ƙare. Ilmin nan ya yi shekara fiye da 100 yana kwance cikin littattafai, iyayenmu suna kwance a tabarma. Likita ya sani, amma ba shi da kuɗi. Mai kuɗi yana da kuɗi, amma bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba. Gwamnati tana da iko, amma ciwon talaka na bayan gari bai cika isa ofis ba. Talaka kuwa shi ke da ciwon, ba wanda ya zo ya zauna da shi ya yi masa bayani. Kowa yana riƙe da nasa a ɗakinsa. Abin da aka rasa shi ne mai tara su wuri ɗaya.

Cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi akwai Jimmy Carter, wanda ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981. Manomin gyaɗa ne kamar ku, ya san abin da ake nufi in aka ce manomi ya kwanta da damina. Bayan ya sauka daga mulki ya kafa wata cibiya da ake kira Cibiyar Carter, ita ce ta shige gaba a yaƙi da kurkunu tun daga 1986. A 1988 ya je waɗansu ƙauyuka a ƙasar Gana, ya ga ciwon da idonsa. A lokacin ba shi da baitulmali, ba shi da soja, ba shi da ikon ba kowa umurni. Abin da ya rage masa shi ne, in ya ƙwanƙwasa ƙofa ana buɗe masa. To da wannan ya yi aiki.

Ya nufi masu masana'antu. Kamfanin DuPont, tare da wani kamfanin saƙa mai suna Precision Fabrics, suka saƙa wani ƙyallen nailan mai ƙananan idanu, ruwa ya wuce, ƙwaro ya tsaya, ga shi kuma yana jure wanki. Tun daga 1990 suka riƙa ba da shi kyauta. Wani kamfanin kuma, American Cyanamid, ya ba da maganin da ake kira Abate, wanda in an auna shi daidai aka zuba a tafki yana kashe ƙwarin, mutum da dabba kuwa su sha ruwansu lafiya. Daga baya aka fito da wani ɗan bututu mai rariya a baki, wanda makiyayi ko matafiyi zai rataya a wuya, in ƙishirwa ta kama shi a daji ya zuƙi ruwa da shi. Ku lura, abin da aka roƙi kowane kamfani shi ne abin da ya iya. Masaƙi ya kawo ƙyalle, mai haɗa magani ya kawo magani.

Gwamnati ma ta kawo nata. A 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, aka kafa shirin kawar da kurkunu na ƙasa baki ɗaya. Aka jawo malaman jami'o'inmu, irin su Farfesa Luke Edungbola na Ilori, da Farfesa Eka Braide ta Kalaba, da Farfesa Oladele Kale na Badun, suka bar inuwar ofis suka shiga ƙauyuka. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya taimaka da haƙa rijiyoyin burtsatse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zama alƙali mai duba lissafi, don kada wata ƙasa ta ce ta gama alhali ba ta gama ba.

Amma duk wannan da ya tashi a banza in ba don ku ba. Ƙyalle ba ya tace ruwa da kansa. A kowane ƙauye da ciwon yake, sai aka sa jama'a su fid da mutum guda ɗan garin, wanda suka amince da shi. Ba likita ba ne, ba kuma don albashi yake yi ba. Aka koya masa aiki, aka ba shi littafi da bandeji da ƙyallaye. Shi zai bi gida-gida ya raba ƙyalle, ya nuna yadda ake ɗaura shi a bakin tulu ko randa. In bororo ya fito wa wani, a ranar zai je ya wanke, ya ɗaure, ya roƙe shi kada ya kusanci tafki. Ƙarshen wata ya rubuta mutum nawa suka kamu, a kai wa ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan tarayya. Mata su ne masu tacewa safe da yamma. Mai gari ya sa doka a bakin tafki. Liman ya faɗa a masallaci, fasto ya faɗa a coci, malamin makaranta ya koya wa yara, gidan rediyo ya yi shela. Sabuwar dabarar ke nan. Tun da babu magani a asibiti, sai aka kai aikin asibitin cikin kowane gida.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. A waɗansu garuruwa mutane sun ƙi yarda a zuba magani a tafkinsu. Waɗansu sun ce kurkunu a jini yake, gado ne, ba ruwansa da ruwa. Kuma kada mu yi musu dariya. In baƙo ya zo ya ce maka ruwan da ka sha bara shi ya kwantar da kai bana, ai sai ka yi shakka. Haƙuri aka yi, aka yi ta komawa, aka sami waɗanda jama'a ke jin maganarsu suka fara tacewa a gidajensu. Da shekara ta kewayo, gidan da ya tace ya fita gona, gidan da ya ƙi yana naɗe tsinke, sai gani ya kori ji.

Da farko lissafi ya yi ta raguwa da sauri. Sai kuma ya tsaya cak. Daga 1996 zuwa 1999, kowace shekara ana samun mutum 12,000 zuwa 13,000 da 'yan kai. An gaji. Kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suka ce za su bayar ba ya fitowa yadda ya kamata. Rijiyoyin da aka yi alkawari suna nan a takarda. A nan ne aka sake tsarin aikin, Carter kuma ya roƙi Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, ya shigo ciki. Ku ji yadda Gowon ya yi, don a nan gishirin maganata yake. Yakan je har ƙauyen da ciwon yake, ya ga marasa lafiya. Sa'an nan ya zauna da gwamna da shugaban ƙaramar hukuma da sarakuna, a faɗi abin da ya rage, kowa ya ɗauki alkawarin abin da zai yi. Bayan wani lokaci sai a gan shi ya dawo, ya ce, to ina muka kwana? Mai alkawarin rijiya, ina rijiya? Mai alkawarin babur don masu zagaya, ina babur? Kunya kaɗai ta sa mutane da yawa cika alkawari.

Lissafi ya sake gangarowa. A shekarar 2000 ya sauka ƙasa da 8,000. A 2004 bai kai 500 ba. A 2006 mutum 16 kacal aka samu. Ana shirin murna, sai a 2007 aka gano wani ƙauye a Jihar Enugu inda ciwon ya ɓuya ba a sani ba, lissafi ya koma 73. Ba a ɓoye ba, ba a ce a rufa don kada a ji kunya ba. Aka rubuta, aka faɗa wa duniya, aka tare a ƙauyen. Har lada aka sa na kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu aka tabbatar. A 2008 aka sami 38, na ƙarshensu a watan Nuwamba. Tun daga ranar ba a sake samun wanda ya kamu da shi a ƙasar nan ba. Aka yi shekara 5 ana sa ido, sa'an nan a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma a wannan lokaci suka sami tasu shaidar, Gana kuwa a 2015.

A duniya duka, daga miliyan 3 da rabi, a 2023 mutum 14 aka samu, 9 daga cikinsu a maƙwabciyarmu Chadi, inda tsutsar ta koma tana kama karnuka. Shi Carter ya taɓa cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Allah bai nufa ba, ya rasu ran 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100. Amma saura ƙiris. Dattawa suna tuna agana, wadda aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Ita da lamba aka kashe ta. Kurkunu kuwa da ƙyalle da littafi da haɗin kai.

Yanzu in an sake tambayarku wa ya kashe kurkunu, me za ku ce? Cire kamfani, babu ƙyalle. Cire gwamnati, babu tsari. Cire matar da ke tacewa, babu kome. Iyayenmu sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ku da kuka saba ɗora jinka kun san wani abu kuma. Ko mutum 20 suka taru, in babu mai cewa ku kama nan, ku ɗaga, ku juya, a sauke, jinkar a ƙasa za ta kwana, ko kuwa ta karye. Kun san gayya. Akwai mai kiranta, akwai mai raba kuyya, akwai mai bi baya yana duba inda aka bar ciyawa. Wannan shi ne shugabanci. Ban zo yabon mulkin kowa ba, kowa ya san yadda yake kallon mutanen nan biyu. Abin da nake so ku riƙe shi ne, sun yi wannan aiki ne bayan sun bar kujera. To ina ga wanda yake kan kujera, da kuɗin jama'a a hannunsa, in ya iya kiran gayya?

An sake gwada wannan hanya a kan shan inna. A 2003 waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon rigakafi saboda shakka, ciwon ya bazu. Abin bai daidaita sosai ba sai da aka gane cewa ma'aikacin lafiya shi kaɗai ba zai shiga gidan da ba a yarda da shi ba. A 2009 sarakunan Arewa, a ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti a kan kiwon lafiya. Gidauniyar Ɗangote da ta Bill Gates suka ƙulla yarjejeniya da jihohi irin su Kano da Bauci, ƙungiyar Rotary ta sa hannu, mata suka bi gida-gida. Ran 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Ana ci gaba da ɗiga wa yara, domin akwai wani nau'in da kan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, saboda haka in sun zo a fito da yara.

To jama'a, mu dawo gida. Kurkunu ya tafi, amma tafkin yana nan, kuma garuruwa da yawa shi suke sha har gobe. Amai da gudawa yana nan, tsargiya tana nan. Watau aikin ruwa bai ƙare ba. Bari in ba ku labarin famfon makarantar da na koyar. An haƙa mana tuƙa-tuƙa, aka zo buɗewa da kiɗa da algaita, aka kafa allo da sunan mai girma. Ba a yi shekara ba ya daina kawo ruwa. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, shiru. Yara suka koma kududdufi. Da ƙyar muka sami wanda ya buɗe shi, ashe wata 'yar roba ce can cikin bututu ta cinye, kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba. Shekara biyu yara suna shan ruwan da shanu ke shiga saboda 'yar roba. Ba mugunta ce ta jawo ba. An yi aikin ne da hannu ɗaya, mai hannun ya tafi.

Da an bi hanyar kurkunu, ga yadda za a yi. Hukuma ta haƙa, wannan haƙƙinta ne, da kuɗinmu. Tun kafin a haƙa a zauna da mata, su ne suka san inda ya dace. A ɗauki mai gyaran keke ko babur na garin a koya masa gyaran famfo, ya sami sana'a. A yi magana da ɗan kasuwa ya riƙa ajiye roba da sarƙa da bututu a shagonsa, ya ci ribarsa ta halal, mu kuma mu huta da tafiya birni. Gari ya kafa kwamiti, maza da mata, da asusu, kowane gida ya ba da ɗan abin da aka yanka da kaka. Malamin makaranta ya riƙe littafi, a karanta lissafi a gaban jama'a. Kansila kuwa ya san famfo nawa ke aiki a mazaɓarsa, nawa suka mutu, ya faɗa wata-wata. Babu abin da ya fi ƙarfinmu a nan. Haka za a iya yi wa rufin makaranta, da ɗakin shan magani, da rumbun ajiyar iri.

Amma fa ku yi hattara, don ba kowace gayya ce ta Allah ba. Akwai wanda zai ce muku taimakon kai da kai, alhali so yake ya sauke nauyin da ke kansa ya ɗora muku, kuɗin aikin kuma ya bi ta wata hanya. Akwai kamfanin da zai ba ku buhu da hannun hagu ya karɓe fadamarku da hannun dama. Akwai haɗin gwiwar da ake ƙullawa a otal a birni, ba a ga talaka ko ɗaya a wurin ba, sai a hoto. Alamar ta gaskiya ba ta ɓuya. An faɗi abin da kowa zai kawo da abin da kowa zai samu, an karanta muku da Hausa a fili, akwai naku a zaune cikin masu yanke shawara, kuma ana iya ƙirga sakamako.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya tsaya a wannan dandali, na kowace jam'iyya, ku yi masa tambaya huɗu.

Ta ɗaya, wane aiki ka taɓa haɗa mutane a kai, tun kafin ka nemi kujera? Ko gyaran hanya ne, ko yashe rijiya, ya faɗi garin, ku aika a tambaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ta biyu, wannan aiki da ka yi mana alkawari, da wa da wa za ka yi shi, mene ne kuma rabon kowa? In ya bugi ƙirji ya ce ni kaɗai zan yi muku kome, ku tuna da famfon makarantarmu.

Ta uku, in wanda bai zaɓe ka ba shi ne ya iya aikin, za ka kira shi? Kurkunu bai tambayi jam'iyyar kowa ba, bai tambayi addini ko ƙabila ba, waɗanda suka kashe shi ma ba su tambaya ba. Tafki ɗaya muke sha. In an bar unguwa guda don ta yi adawa, ciwo daga can zai dawo wa kowa.

Ta huɗu, yaushe za ka dawo ka faɗa mana lissafi, har da wanda bai yi daɗi ba? Ku sa ya faɗi wata, a gaban mai gari, malamin makaranta ya rubuta. In watan ya kama, ku tuna masa, yadda aka riƙa tuna wa gwamnoni alkawarin rijiya.

Ku ma akwai naku. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu da taliya ya sayar da bakin da zai yi waɗannan tambayoyi da shi. In kuma an kira gayya ta gaskiya, a fito. Iyayenmu mata da suka yi shekara da shekaru suna ɗaura ƙyalle a bakin tulu, ba wanda ya kafa allo da sunansu, amma saboda su jikokinsu ke shiga gona da ƙafa lafiya. Samari, in kun koma gida yau ku ce wa dattijon gidanku ya nuna muku tabonsa, ya ba ku labarin daminar da ya yi a kwance.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, kowa da katinsa, a bi layi cikin natsuwa, ban da faɗa, ban da zagi. Ku auna da mudun nan, ku dangwala wa wanda ya cika shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya haɗa mu da shugabanni masu jin kiran jama'a. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.